Yaya da Ƙafar Inna

Yayanmu shagon takalma gare shi a bakin titi, kuma tun yana saurayi da abu guda yake taƙama: kallo ɗaya zai yi wa ƙafar mutum ya faɗi lambar takalminsa. A unguwa kowa yabonsa yake, wai ɗa mai jin ƙan uwa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da Inna na san iyakar jin ƙan nasa.

Inna tana da ciwon suga. Ni ce mai hana ta zaƙi, mai wanke gyambon da ya fito mata a yatsan ƙafa, don haka ni ce muguwa. Shi kuwa in ya ga dama sai ya faɗo da katan guda na lemon kwalba, ya buɗe mata da hannunsa, ya ɗauki hoto.

"Yaya, likita fa ya hana," na ce.

"Ke dai baƙin hali gare ki. Tsohuwa ba za ta ji daɗin duniya ba?"

Inna ta yi ta sa masa albarka. Ƙafar tana gabansa a naɗe da tsumma, bai ko sunkuya ba.

Da gyambon ya ci har idon sawu, likita ya ce ko ƙafa ko rai. Na kira Yaya ya ƙi ɗauka, na tura masa saƙon murya ina kuka. Ya rubuto, "Allah ya sawwaƙe, ina tafe." Ashe ko saurara bai yi ba.

Sai da aka sallame mu daga asibiti ya zo yana ƙamshin turare, da kwalin takalmi a hammata. Inna tana zaune a gado, zane lulluɓe da ita daga ƙugu zuwa ƙasa.

"Inna, ga na yawo in kin warke. Ban ma tambayi lamba ba, na san ƙafarki."

Inna ta yaye zanen a hankali, ƙafar dama babu ita, an yanke. Ta sa na hagu, ya zauna mata daidai. Ta miƙa masa na dama.

"Mayar da wannan shago, ɗana. Kada ka yi asara."

Na ɗauka kunya za ta kashe shi. Ina! Takalmin yana cikin gilashin shagonsa har yau, yana nuna wa masu saye yana ba su labarin wahalar da ya sha a jinyar uwarsa.