Tanko, Wanda Babu Garin da Ya Yi Masa

A gidanmu na Yako, da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, kakarmu Inna Kulu takan jawo kujerarta kusa da murhu, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce babba a cikinmu. Ƙanena Nasiru shi ke samun cinyarta, don shi ne maigidan da take tsokana kullum wai bai kawo cefane ba.

Inna Kulu ba ta tausayin mutanen tatsuniyarta. Wasu tsofaffin idan wawa ya faɗa rami sai su ce Allah sarki. Ita tsaki take ja. Kuma babu wanda ya sha tsakinta kamar Tanko.

"Ku gyara zama, ga ta nan ta iso ƙofar gida," in ji ta. Mu ce ta shigo mu ji ta.

Tanko manomi ne, yana da mata Hanne da 'ya'ya uku. Wata rana babban ɗansa ya dawo daga dandali da zagi a bakinsa. Maimakon ya ja masa kunne, sai ya ce laifin garin ne, wannan ba wurin renon yara ba ne. Ya ɗaure turmi da tukwane a bayan jaki, ya sa iyalinsa a gaba, wai zai nemo garin da ya fi kowanne.

Suka sauka a Dangora. Aka ba su ɗaki, aka ara masa gona. Kafin dawa ta fitar da kai ya ce hayaniyar ranar kasuwa za ta lalata masa tarbiyyar yara. Suka tashi. A Bebeji ya ce ya ga wani yaro ya gaida dattijo a tsaye. A Tudun Wada ƙasa ta karɓe shi, shinkafa ta yi kyau, Hanne har ta yi ƙawaye a bakin rijiya, sai ya ce sauro.

"Sauro," Inna takan maimaita, tana tono gyaɗa da tsinke. "Kamar a garin ubansa sauron salla yake yi ya kwanta."

Duk inda suka je ba ya zuwa gayya, ba ya zuwa suna, ba ya bin gawa. Idan Hanne ta ce, "Malam, an yi rasuwa a maƙwabta," sai ya ce, "Bari tukuna mu ga ko za mu zauna." Babban ɗan nan ya yi malamai huɗu, kowanne ya wanke masa allo ya mayar da shi farko. Ya kai tsayin ubansa bai haɗa izu guda ba.

A ƙarshe suka kai wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, tsakiyar damina. A nan autarsu ta kamu da masassara. Hanne ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, domin mijinta ya hana ta shiga gidajen mutane sai ya gama nazarin halinsu. Kwana uku yarinyar ta rasu.

A nan Inna Kulu takan daina taɓa wutar. Ta ce mutanen garin sun zo, domin Musulmi ba sa barin gawa. Suka haƙa kabari, suka sallace ta, suka binne. Da liman zai yi addu'a sai ya juyo ya ce wa Tanko, "Bawan Allah, yaya sunan yarinyar? Kai kuma yaya naka sunan?"

Bayan addu'ar bakwai Tanko ya fito da jaki. Ya ce ai ga shi an gani, garin ba shi da lafiya. Hanne ta sauke turminta daga bayan jakin da hannunta, ta mirgina shi cikin gida.

"'Yata tana nan a kwance," in ji ta. "Ni na iso. Kai je ka ci gaba da dubawa."

Ya tafi shi kaɗai. Hanne ta zauna, ta yi surfe, ta yi wankau, matan unguwa suka riƙe ta, 'ya'yanta biyu suka girma suka zama 'yan gari.

Kullum sai wani cikinmu ya tambayi inda Tanko ya ƙare. Ta ce, "Yana can yana leƙa rijiyoyin mutane. Ta ƙare, ku ci gyaɗarku."

Muna yara dariya kawai muke yi wa Tanko. Nasiru ya fi kowa. Yakan sauko daga cinyar Inna ya yi tafiyar mai jan jaki, yana yatsina fuska yana cewa "sauro," har mu riƙe ciki.

Yau shekarata goma sha tara da aure a Kiru. Nasiru kuwa yana sayar da maganin feshi, sana'ar da ake iya kwashewa a buhu uku, kuma a shekara shida ya tashi matarsa Maryam sau huɗu. Shi ba jaki gare shi ba, a-kori-kura yake ɗaukowa. Yana da jerin sharuɗɗa a wayarsa: sabis ɗin waya ya kawo sosai, kwalta ta kasance kusa amma kada ta yi kusa da yawa, makaranta ta zama wadda yara ke gaisuwa da Turanci, maƙwabta su zama wayayyu. Wannan kalma ta wayayyu ita ta fi ba ni haushi, daga bakin mutumin da na sha wanke wa kashi a bayan rumbu.

Bara Maryam ta zo wurina ita kaɗai a kan ɗan acaɓa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, gadona ya karye a hanya, madubin sif ya fashe, duk ban damu ba. Amma ɗanmu Sadiƙ shekararsa biyar ba shi da aboki ko ɗaya. Idan ya ga yara suna wasa sai ya tsaya daga nesa. Na ce ya je, ya ce ai za mu tashi."

Na aika aka kira mini Nasiru. Ya zo ya zauna a tabarma, ya gaishe ni, kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Yaya, dama ina son shawararki. Tsakanin Tudun Wada da Doguwa, wanne ya fi dacewa da yara?"

Na dube shi. Na ce, "A garin Ba'awa da ka yi shekara guda, gawa nawa ka bi?"

Ya ce shi ba ya son shiga harkar mutane.

Na ce, "To duk wanda ka zaɓa ɗaya ne. Kai ba mazauni ba ne, mai taya kaya ne. Ka latsa wannan, ka shinshina wancan, ka ajiye. Ba ka taɓa tambayar kanka me garin zai samu a wurinka ba."

Ya yi murmushin nan na wanda ya yi makaranta yana sauraron wadda ba ta yi nisa ba. Ya ce zamani ya canza, dole uba ya yi bincike. Ya ƙara da cewa Kirun ma da nake yabo, sabis ɗinta yana yankewa.

Da ina yarinya na ɗauka tafiye-tafiyen Tanko ne Inna ta raina. Sai da na girma na tuna ita ma ba 'yar Yako ba ce, kawo ta aka yi, kuma ta sha faɗin aibin garin a gaban kowa: ruwan kwata, tsegumi, hanyar da ke cin tayar babur da damina. Amma babu haihuwar da aka yi a unguwarmu ba ta je ta dafa ruwan zafi ba. Abin da take wa tsaki shi ne mutumin da yake ganin shi da 'ya'yansa sun fi ƙarfin kowane gari, alhali ko tsintsiya bai taɓa sa wa ƙofar masallacin unguwa ba. Ban san garin da ba shi da yaro mai zagi ko sauro ba. Na dai san inda idan ɗana ya yi ba daidai ba a bakin kasuwa, mai nama zai tsawata masa kafin labari ya iso ni, saboda ya san ɗan waye.

Nasiru ya tafi Doguwa duba gida. Na ce ya bar mini Maryam da yaron har ya gama binciken. Wata takwas ke nan yana bincike. Na sa Sadiƙ a makarantar allon Malam na bayan gidanmu tare da nawa.

Ran nan da safe ina shara na ji wata ƙaramar murya daga zaure tana cewa, "Wai Sadiƙ ya fito mu tafi." Yaron ya ajiye kokonsa bai shanye ba, ya fita da takalmi ɗaya a hannu. Maryam ta bi bayansa da kallo, sannan ta ce mini, "Yaya, in ya dawo da a-kori-kurar, ki gaya masa ba na nan."