Malam Obed da Tauraro Mai Zobe

Duk wanda ya yi firamare a Unguwar Doka, can bayan Kakangi, ya san bututun Malam Obed. Madubin hangen nesa ne, tsawonsa ya kai taɓarya, yana tsayawa kan ƙafafu uku na katako. Wani Ba'indiye da ya koyar da shi a kwalejin horon malamai ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Da bututun Malam Obed ya taso daga kudancin Kaduna yana saurayi. A ƙauyen ya auri Rebecca, a nan kuma ya yi furfura.

Duk lokacin da tauraronsa ke fitowa da magariba, sai ya kafa bututun a ƙofar coci, jama'a su yi layi, Kirista da Musulmi. Kowa ya sa ido sai ya ja da baya ya riƙe baki. Ɗan ƙwallo ne ruwan ɗorawa, zobe ya kewaye shi bai taɓa jikinsa ba. Sau ɗaya Malam Obed ya yi kuskuren faɗin sunan tauraron na Turanci. Dattawan coci suka ji kamar ya ce Satan, suka ce ba za a nuna wa 'ya'yansu Shaiɗan a ƙofar ɗakin Ubangiji ba. Sai da fasto ya sa baki. Tun daga ranar Malam Obed yake ce wa tauraron Mai Zobe.

"Shekaru dubbai babu idon da ya ga zoben nan," haka yakan faɗa musu. "To wa aka yi wa kwalliyar? Wanda ya halicci sama ba don a gani yake kyautata aikinsa ba."

Sai 'yan bindiga suka fara fitowa daga daji. Hari na uku ne ya watsa ƙauyen. Malam Obed ya naɗe bututun cikin buhu, ya cusa shi tsakanin katako da kwanon rufin coci, suka gudu Birnin Gwari da kayan jikinsu. A can Rebecca ta rasu, a ɗaki ɗaya da wani tsohon ɗalibinsa ya ba su.

Shekara huɗu bai taka ƙauyen ba. A watan Nuwamba na 2025, bayan sulhun da aka yi, manoma suka soma komawa gonakinsu. Ya bi wata akori-kura mai zuwa kwasar dawa, ta sauke shi a mararraba, direban ya ce sai da safe zai biyo.

Ciyawa ta cinye hanyar har ƙirji. Babu kukan akuya, babu hayaƙi. Gidaje duk an ɓalle musu ƙofofi, an kwashe kwanon rufi. Coci kaɗai ke tsaye da rufinta, bencuna a jere kamar jiya aka tashi sujada. Buhun na nan inda ya bar shi.

Rana na faɗuwa ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya kafa bututun, ya nemo tauraronsa. Ya sa ido. Ƙwallon na nan, amma tsirara. Babu zobe, sai wani siririn layi da ya ratsa shi kamar yankan reza. Ya sake goge gilashin, ya sake dubawa. Ya san dalili, ya taɓa ganin haka har sau biyu a rayuwarsa, amma a wancan lokacin da mutane a bayansa suna hira. Yau kam sai ya ji kamar an zare wani abu daga sama saboda abin da aka yi a ƙasa.

"Baba, sannu da dawowa."

Bai ji takun kowa ba. Wani mutum ne tsaye a gindin mangwaron coci, zai yi shekara talatin da biyar, rawani ya rufe masa haɓa, bindiga rataye a kafaɗa.

"Yauwa, ɗana," in ji Malam Obed.

"Mai zoben nake so ka nuna mini. Ina ƙarami babana ya kawo ni nan, ka ɗaga ni na gani. Na sha ba mutanena labari a daji, suna cewa ƙarya nake."

Malam Obed ya matsa gefe. Mutumin ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya.

"Ina zoben?"

"Yana nan."

"Baba, kada ka yi mini wasa da hankali."

Malam Obed ya waiga, ya ga wani tsohon faifai yashe a bakin ƙofa. Ya ɗauka, ya nuna masa faɗinsa. Sannan ya juya shi a hankali har ya zama gefensa kawai ake gani.

"Ka gani? Duk bayan shekara goma sha biyar ko kusa da haka yakan ba mu gefe. Ba a cire shi ba. Baɗi war haka za ka fara ganinsa."

"Baɗi," mutumin ya maimaita, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya gyara bindigarsa kamar zai tafi, sai ya tsaya yana kallon ƙofar cocin.

"Ka san abin da ya sa ba mu taɓa ɗakin nan ba? Da farko a ciki muke kwana. Sai muka lura duk Lahadi da hantsi ana waƙa a ciki. Maza da mata. In ka leƙa, babu kowa. Su wane ne, Baba?"

Mutumin bai jira amsa ba, ya shige cikin ciyawa, ta rufe bayansa.

Washegari akori-kura ta zo, Malam Obed ya ce wa direba ya wuce, shi ya dawo gida ke nan. Ya share ɗaki ɗaya, ya rufa shi da zana. Kafin Kirsimeti iyalai huɗu sun biyo shi. Ba su da fasto, shi ke jan sujada, su goma sha ɗaya a cocin da ke cin mutum ɗari biyu. Bai gaya wa kowa abin da ya ji ba. Amma in an ɗauki waƙa, yakan rufe ido, kuma ya hana kansa ƙirga muryoyin.