Rabin Kashi Cikin Miliyan

Wata huɗu ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo, duk na gani, kunyar amsawa nake ji.

Mutanen Kaura sun san aikina, ni ke sa kilorin a tankin ruwan unguwarmu. Cokali ɗaya na garin a lita guda ta ruwa, ita ce uwa. Daga uwar nake zuƙa da sirinji in zuba a tanki, in jira rabin awa, in gwada. Abin da ake so ya rage a ruwan rabin kashi ne cikin miliyan. Don yawan faɗarsa abokai suka laƙaba mini Malam Miliyan.

A gida ruwan rijiya muke sha, ina ɗiga wa randa nata. Sai muka ɗauko Baba, mahaifina, daga Dauran ya zauna da mu. Ya kurɓi fura ya ajiye ludayi.

"Mi kas sa ma ruwanga? Warin asibiti sukai. Da rijiya nit tashi, ba ta kashe ni ba."

Na yi dariya. Na ce a raina, ɗigon da ido ba ya gani, rashinsa me zai yi? Na daina sawa. Baba bai tilasta ni ba, ni na raina abin.

Da damina ta kankama, wata safiya cikina ya murɗa. Gudawa fara tas kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai. Kafin azahar ƙafafuna sun ɗaure, muryata ta tafi.

A asibiti aka kwantar da ni a gado mai rami a tsakiya, bokiti a ƙasa. Sai da aka soke ni sau uku kafin a sami jijiya. Ledar ƙarin ruwa na ƙarewa ana rataya wata. Na ji tsoro ƙwarai.

Nas tana gyara allura ta ce, "Kwalara ce. Malam, ba kwa sa magani a ruwan sha?"

Na juya fuska bango.

Washegari aka kawo Baba, gado biyu tsakaninmu. Likita ya ce ruwan jikinsa ya riga ya ƙare, ƙoda ta taɓu. Duk da haka ni yake leƙe, yana cewa, "Sha ruwan gishirinka, Sani."

An sallame ni ranar da aka yi masa addu'ar uku. Ko jana'izarsa ban samu ba.

Cikin masu shan tankina ban ji wanda ya kwanta ba.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan da suka kwashe ƙazantata ba su yamutsa fuska ba, da matata Hadiza da ba ta taɓa ce mini "kai ka jawo" ba.

Don Allah ku auna, kada ku kintata. Ku jira rabin awar nan. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. Tsoho ya yi ƙorafin wari, ku lallashe shi, kada ku biye masa.

Yanzu kullum ina ɗiga wa randa. Furarmu tana warin asibiti, babu mai ajiye ludayi.