Katin da Bai Tsufa Ba

A bakin gidan waya, inda inuwar katanga take faɗowa da safe, akwai tebur ɗaya, benci ɗaya, da wani dattijo da kowa ke kira Mai Tafireta. Shekara talatin da huɗu ke nan yana rubuta wa mutane wasiƙa da Turanci a wurin. Mai neman aiki, mai ƙorafin an yanke masa ruwa, mai roƙon a mayar da ɗansa makaranta, duk a bencin nan suke zama. Wayar hannu ta kwashe masa masu wasiƙar gaisuwa, amma ofis har gobe takarda yake so, don haka bencin bai taɓa hutawa ba.

Turancinsa ba na makaranta ba ne sosai. Yana saurayi ya yi aikin masinja a wani ofis, a can kuma abin ya fara cin ransa. Ya lura maigidansa kan nemi abu ɗaya wurin mutum uku da murya uku, kuma duk bambancin bai wuce wata 'yar kalma da yake sakawa kafin aikin ba. Direba ya sami tasa, akawu ya sami tasa, babban da ya zo daga hedkwata kuwa a yi masa shimfiɗa da wata daban. Masinja ya riƙa laɓewa bakin ƙofa da tiren shayi a hannu yana tsintar kalmomin, har shayin ya huce a yi masa faɗa.

Da ya kafa teburinsa sai ya yanka kwalin sabulu gida shida, ya rubuta kowace kalma a kati ɗaya, ya zuba su a gwangwani. 'Yan rakiya yake kiran su, wai don ba su taɓa fita su kaɗai ba.

"Aikin ɗaya ne, a ce wa mutum ya zo," in ji shi ga duk wanda ya yi kuskuren tambaya. "In ka haɗa shi da must, ka ɗaura masa igiya. Should ya dafa kafaɗarsa yana ba shi shawara. Can yana duba ko ƙafarsa lafiya. May ya buɗe masa ƙofa ya koma gefe. Could da would kuwa tun daga waje suke cire takalmi."

Yana da tsarin aikin da ba ya sauyawa ko da layi ya kai titi. Tambaya uku yake yi: wa za a rubuta wa, yana iya ƙi, in ya ƙi me zai faru? Daga amsar sai ya zaro katin da ya dace ya ba mai wasiƙa ya riƙe yayin da shi yake bugawa. In ya gama, ya karanta da ƙarfi da Hausa, don ba ya yarda mutum ya sa hannu a kan abin da kunnensa bai ji ba. Gumin tafin mutane ya sa katunan duk sun yi laushi sun yi baƙi, sai guda ɗaya.

To amma fa, Allah ya yafe masa, mutumin nan da ya san laushin harshe kamar ya buɗe makaranta, da ya taka ƙofar gidansa sai ya zama wani. Dole a share tsakar gida kafin ya fito. Dole a rage rediyo. Dole, dole, har matarsa takan ce da a ce dolen nan hatsi ne da sun cika rumbu.

Autarsa a ƙarƙashin teburin nan ta girma, katunan su ne kayan wasanta. Ya riga ya gama shirya mata rayuwa: lauya za ta zama. Ita kuwa ta ce likitar dabbobi take so. Ranar da takardar makarantar ta zo, ya ce mata, "In kin tafi bin shanu, kada ki sake taka min ƙofa." Ta tafi, kuma da yake 'yar ubanta ce wajen taurin kai, ta riƙe maganar da hannu biyu. Shekara biyar ke nan. Tana kiran uwarta duk mako, shi kuwa in an miƙo masa wayar sai ya ce hannunsa da tawada.

Sai ga yanar ido ta rufe masa ido ɗaya tana neman na biyu. Likita ya sa ranar aikin ido, ya ce a zo da wanda zai iya karanta takardar magani ya riƙa ɗiga masa a kan lokaci. Matarsa ba ta yi boko ba, manyan 'ya'yan kuma ba mai iya barin wurin aikinsa. Gaskiyar magana ma, ba maganin ne ya dame shi ba. Tsoro yake ji kada aikin ya ƙi, ya zama fuskar Auta ta ranar faɗa ita ce ta ƙarshe da ya gani. Ya buga mata wasiƙa biyu, dukkansu da igiyar nan ta must a layin farko. Shiru.

Ran nan da hantsi, saura kwana goma aikin, ya sallami wani magini, ya ce na gaba ya matso. Sai ya ji ƙamshin turaren da ya sani. Matarsa ce, wadda ba ta taɓa zama a bencin ba tun da aka kafa shi, kuma layi ta bi kamar kowa.

"Maman Auta, lafiya? Me ya faru a gida?"

"Gida lafiya lau, Malam. Wasiƙa na zo a rubuta min. Ta wani dattijo ce, shi ba zai iya zuwa ba."

Ya so ya ce ta tashi, amma akwai mutum huɗu a bayanta suna kallo, bakinsa kuma ya riga ya saba. "Wa za a rubuta wa?"

"'Yarsa."

"Tana iya ƙi?"

"Ta ƙi sau biyu ma."

Ya gyara zaman tabarau. "In ta ƙi me zai faru?"

"Ba komai. Za ta ci gaba da aikinta. Shi ne zai ci gaba da tashi zaune duk sanda aka taɓa ƙofa."

Ya juye gwangwanin a kan tebur. Idonsa ba ya ganin rubutun, sai ya bi su da yatsa. Biyar sun yi laushi kamar tsohon tsumma. Ɗayan kuwa bakinsa da kaifi, kamar jiya aka yanka shi. Must ne, dolen Turanci. Ya tsaya yana juya shi yana mamaki. Shekara talatin da huɗu, bai taɓa ba wani baƙo katin nan ya riƙe ba. Ashe duk na gida ya tara wa. Kunya ta kama shi har wuya.

Ya ajiye shi, ya miƙa mata mafi tsufan cikinsu, ya buga layi huɗu ya zare takardar zai ninke.

"A'a, Malam. Ba a karanta min ba."

Ya dubi mutanen layi, suka sunkuyar da kai. Ya yi gyaran murya, ya karanta ba tare da ya kalli takardar ba.

"Auta, ko za ki iya zuwa? Kina iya ƙi, ba zan riƙe ki ba. Maganar ƙofa ni na yi kuskure. Ina so in gan ki kafin su rufe min ido."

Ta miƙa masa biro. "To, dattijon ya ji. Ya sa hannu."

Kwana tara yana jira, yana buga wa mutane wasiƙu da kurakuran da bai saba yi ba. Ana gobe aiki, da la'asar, ya ji wani ya zauna a bencin, da ɗan ƙaurin maganin dabbobi a jikinsa. Bai yarda ya ɗaga kai ba.

"Wa za a rubuta wa?" ya tambaya.

Sai ya ji an jawo gwangwanin ana tona shi yadda mutum ɗaya kaɗai yake yi. Aka buɗe tafinsa, aka sa masa katin nan mai kaifi.

"Baba, tashi mu rufe tebur," in ji Auta. "Likita ya ce ka huta yau. Riƙe wannan, ni zan ɗauki tafiretar."