Ramin da ke ƙarƙashin shingen Glenwood

Shekaru sun ɗan ja, don haka mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa. Ina jin a bazarar shekarata ta biyu a jami'a ne tsohuwar da nake haya a gidanta a unguwar Glenwood ta tafi asibiti a yi mata aikin gwiwa, ta bar mini amanar karenta na mako guda. Irin ƙananan karnukan nan ne da ake kira teriya, bai fi mage girma ba, gashinsa kaushi kamar soso.

Ta rubuta mini dokoki shafi biyu: yawo sau biyu a rana, taje gashi, abincinsa na gwangwani kawai, kada ya ɗanɗana albasa. Duk na kiyaye, har ina yi wa kowace maki. Layi ɗaya ne kawai na raina, inda ta ce kada a bar shi a bayan gida shi kaɗai. A garinmu kare a waje yake wuni, ya dawo da kansa. Ga shinge kuma. Na buɗe masa ƙofa ya sha iska, na koma kan karatuna.

Da na leƙo, babu kare, sai rami a gindin shinge da jar ƙasa a warwatse. Na bi titi da igiyarsa a hannu, ina tsara yadda zan gaya wa mara lafiya a gadon asibiti.

Gida na huɗu ko na biyar, wata Anti 'yar cocinmu ta ɗago daga lambunta.

“Ke 'yar boko, wannan ɗan ƙwadagon naki ne?”

Karen yana tsakiyar kuɓewarta, hanci duk laka, ɓeran daji a gabansa, jela na kaɗawa.

“Anti, ki yi haƙuri, zan gyara miki wurin.”

“Gyara me? Wata biyu ɓerayen nan suna cin saiwar kuɓewata, Babanku maigidana sai kallo. Gobe ki sake kawo shi.”

Sau biyu na yi masa wanka, amma lakar farce ta ƙi fita. Da mai gidan ta dawo na faɗa mata komai kafin ta zauna. Ta duba ƙafafunsa, ta yi dariya har ta riƙe gwiwa, ta ce ai don tono da farautar ɓera aka samar da irinsu. Daga nan duk Asabar muke kai shi lambun, da igiya.

Anti ta dage ɓeraye uku ya kama ran nan, ni ɗaya na gani. Duk wanda ya shaida, don Allah ya aiko mini da gyara.