Rubu'in Awa Bayan Allura

Shekarar da doka ta ba mu damar yin allurar riga-kafi a saidaliyya, wato kantin magani, ban yi murna ba. Na saba miƙa kwalin magani a Misfala, unguwar da ke kusa da Harami, yanzu kuma an ce in huda fatar mutum, alhakinsa a wuyana.

Wadda na fara yi wa ƙawar mahaifiyata ce, tsohuwar da ta goya ni. Na yi mata allurar mura, na ce, "Inna, ki zauna rubu'in awa, wani jikin ba ya karɓarta." Ina wanke hannu aka kira La'asar. Ko da na waiwayo, kujera wayam.

Na fita da farar rigata kamar mahaukaciya. Hanyar Harami cike da mata, kowacce cikin baƙar abaya, kowacce ta baya sai ka ce Inna. Duk abin da aka koya mana ya dawo mini: kumburin maƙogwaro, sarƙewar numfashi, faɗuwa cikin turmutsitsi. Maganin da zai cece ta kuwa na baro shi a kanti.

Bayan an idar da salla na same ta tana neman takalminta. Na balbale ta da faɗa ina kuka, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, mutane gona suke sayarwa don su mutu a nan."

Tun ranar ba na ɗaukar allura sai na duba lokacin salla.