Yadda Amalanken Shara Ya Koyi Ƙofar Gidana

Sati uku cur mai amalanken shara yana wuce ƙofar gidana bai tsaya ba. Ba mantuwa ya yi ba. Yana ganina, ina ganinsa, har gaisawa muke yi. Na biya kuɗin wata kamar kowa, ƙungiyar unguwa ta ba ni ɗan kati, a jikinsa an rubuta Litinin da Alhamis. Da idona na karanta, don na iya karatu, ko da yake sai da na haura arba'in na zauna gaban allo a ajin yaƙi da jahilci. Ni da na koyi baƙaƙe ina da jikoki, ba na wasa da abin da aka rubuta.

Shekara guda bayan rasuwar maigidana na baro Dogo-Dogo. Babban ɗana, da yake tuƙin mota tsakanin Magariya da Damagaram, shi ya sayi fili a wata sabuwar unguwa ta bayan gari ya gina mini ɗaki biyu da zaure. Na iso Magariya da bazara, da turmina, da tukwanena, da awaki huɗu. Gonar marigayi na bar ta a hannun ƙanensa, a kan zan riƙa taimaka mata daga nan da abin da na iya.

Abin da na iya kuwa shi ne taki. A garinmu ba wanda ke kwashe wa wani shara. Tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, duk jujin bayan gida ake kai su, in damina ta matso a ɗora wa jaki zuwa gona. Macen da ta zubar da toka a banza ana yi mata kallon wadda ba ta san ciwon gidanta ba. Don haka ko da na zo birni hannuna bai canja ba. Kullum da safe in share turken awaki, in kwashe toka, in ɗura a buhu in jingine bayan ɗaki, ina jiran ranar da ɗana zai sami hanya ya kai gona. Abin da nake fitarwa waje cikin rabin tano, wato durom, shi ne leda, gwangwanin tumatir, tsummoki, fasassun robobi. A ganina ma sauƙi na yi wa mutumin da jakinsa, tunda kayan ba nauyi.

Tano ya cika, ya tumbatsa, na fara tarawa a gefensa. Iskar bazara kuma ba ta da kunya. Sai ta ɗebi baƙar leda ta rarraba wa lungu, wata ta maƙale a ƙaya, wata a ƙyauren gidan da ke kallon nawa.

Mai wannan gidan wata Hajiya ce, ƴar birni tun kakanni, na girme ta da ƴan shekaru. Ba ta kiwon ko kaza. Wata safiya ta fito riƙe da leda da yatsa biyu kamar ta kama ɓera.

“Yaya, tutocin naki sun sake zuwa gaishe ni.”

“Iska ce ta aiko su, Hajiya, ba ni ba.”

“To ai iska ba ta ɗauka sai inda aka tara mata. Nan birni ne, Yaya. Ba a kafa juji a ƙofar gida.”

Ta faɗa da murmushi, a gaban matan da suka fito ɗiban ruwa a famfo. Daga ranar na zama “ƴar ƙauyen nan mai juji”. Ni, wadda a Dogo-Dogo in yaro ya yar da ɗanwake a tsakar gidana sai ya ɗauka ya cinye.

Da ni kaɗai ce da na daure. Amma autata tana ɗakina, ta zo goyon ciki, watanta ya tsaya. Haihuwar fari ce, a gidana za a yi suna, kuma surukanta daga Dungas za su zo, mutanen da ba su taɓa ganin inda na koma ba. A ƙofar nan maza za su shimfiɗa tabarmi a raɗa suna. A kan wace ƙasa? A kan gwangwani? In suka koma gida da labarin uwar matar ɗansu ƙazama ce, ƴata ce za ta zauna da wannan maganar shekara da shekaru.

Na tare mai amalanke ran Litinin. Mutum ne siriri, zai yi arba'in, kullum da hular kaba.

“Malam, tanona fa?”

“Inna, kin ga amalanken ya cika. Alhamis in Allah ya so.”

Ran Alhamis ya ce Litinin. Na je wurin shugabar ƙungiya, ta ba ni ruwa, ta ce za a yi masa magana. In an yi masa, to jakin aka yi wa, don shi ne kaɗai ya taɓa waiwayo ƙofata. Ƙonawa ma na so in yi, sai dai kusan kullum da la'asar wani warin ƙonanniyar leda kan taso daga wani gida a lungun ya cika mana ɗaki, ƴata ta yi ta tari. Ban ga dalilin da zan ƙara mata nawa ba.

Ran Asabar ta sauka lafiya, ɗa namiji. Suna Asabar mai zuwa ke nan. Ran Litinin da hantsi ina dama mata kunun kanwa na ji ƙarar amalanke. Na leƙa, ya ɗaga mini hannu, ya wuce. Na miƙa wa ƙanwata da ta zo taya mu jego ludayin, na ɗaura gyale a ƙugu, na bi bayansa.

Ban yi masa magana ba, na bar tazara tsakaninmu, ina kallo. A nan na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Gidan Hajiya bai tsaya ba, sai na gane daga inda hayaƙin la'asar ke tasowa. Gidan wani malamin makaranta da ake kira mushe, wanda ba shi da dabba, bai tsaya ba. Amma gidan da ake kiwon raguna, har ciki ya shiga da shebur ɗinsa, ya share musu turke da kansa yana raha. Da amalanke ya cika, bai nufi ramin da ake zubar da shara ba. Gabas ya yi, ya fita gari, ina biye, rairayi na ƙona mini ƙafa ta cikin silifa.

A bakin wata gona ya tsaya ya juye kayan. Na raɓe gindin gawo. Mai gonar, wani dattijo mai guntun gemu, ya sa hauya yana tona tarin yana tsamo leda.

“Dubi! Dubi wannan! Gero zai ci leda ne? Bara sai da tunkiyata ta mutu, da aka farka cikinta leda ce dam.”

“Baba, haka mutanen gari ke haɗa ta. Ni zan zauna in tsince?”

Nan na fito. Mai amalanke ya gan ni ya yi tsaye da sanda a hannu.

“Inna! Me ya kawo ki nan?”

“Jakinka na biyo. Na ga ya fi ka sanin inda aka dosa.”

Dattijon ya fashe da dariya. Shi kuwa ya cire hular kaba ya yi fifita da ita, sannan ya faɗa mini gaskiya, kuma na yaba masa da bai yi kwana-kwana ba. Ya ce abin da ƙungiya ke ba shi ba ya ciyar da jaki. Ramin shara yana can ɗaya gefen gari, sawu guda na leda wahala ce kawai. Amma da bazara manoma na neman taki ido rufe. Shi ya sa kowa a unguwar ya san in kana son a kwashe maka, ka zuba toka da kashin dabba a kai, rabon mai amalanke ke nan.

“Ke kuma, Inna, awaki huɗu gare ki, kullum ina jin kukansu. Amma tanonki ko ƙwaya ɗaya babu. Har na ce wa matata, awakin tsohuwar nan ko ba sa kashi ne?”

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo ta. Ashe sati uku ina tsammanin raini ne don ni baƙuwa ce, shi kuma yana can yana kirana marowaciya. Ba kuma wanda ya buɗe baki ya gaya mini dokar, saboda ba a rubuta ta a kati ba.

Na ce, “Awakina suna kashi, Malam, fiye da yadda kake cika alkawari. Juya jakinka.”

“Ina za mu?”

“Gidana. Kuma hawa zan yi, ƙafata ta gaji da bin ka.”

Haka na shigo lungunmu zaune a kan amalanken shara, ƙafafu na lilo, gyale a ƙugu. Matan famfo suka saki baki. Hajiya ta leƙo ta koma ta sake leƙowa. Ban sunkuyar da kai ba, har hannu na ɗaga musu.

Na kai shi bayan ɗaki. Buhu goma sha ɗaya a jere, bakinsu a ɗaure. Na kwance ɗaya na ce ya sa hannu. Ya zura har gwiwar hannu, ya damƙo, ya murza, ya shinshina. Ya sake zurawa yana laluben leda. Babu.

“Inna, wannan ai zalla ne.”

“Zalla ne. Na gonar mijina ne.”

Kowane buhu a wurin da sunan gonar nan na ɗura shi. Amma gona za ta yi haƙuri da rabi, ƴata kuwa suna ɗaya za a yi mata na fari. Na ce masa buhu shida ba mai taɓa su. Sauran, da wanda awaki za su ƙara, buhu ɗaya duk Alhamis, amma sai bayan ya kwashe Litinin ya kwashe Alhamis ya kai rami. Leda a gaba, taki a baya.

“Kuma ba lada nake ba ka ba, na riga na biya. Don jakin nan ne, na ga haƙarƙarinsa.”

“Na yarda, Inna.”

“Ban gama ba. Lungun duka, daga famfo har gidan mushe. Masu dabba da marasa dabba.”

Ya sosa ƙeya. “Har gidan Hajiya? Ai ita ko kaza...”

“Har gidan Hajiya. Hayaƙin ledarta jikana ke shaƙa. Kuma ranar da ka tsallake zan rubuta a bangon nan, manya-manya.”

“Ni ai ban iya karatu ba.”

“Shugaba ta iya. Ni ma na iya, kuma muryata tana kai ƙarshen taro.”

Ya dubi buhunan, ya dubi jaki, ya ɗauki shebur.

Sawu uku ya yi a ranar, kafin la'asar sakaliya. Biyu na ƙofata ne. Na bi da tsintsiya na share har sai da farin rairayi ya fito, na yayyafa ruwa. Na uku kuwa, da ya tsaya ƙofar Hajiya ya yi sallama, shiru. Ya sake. Can sai ga ta tana jan buhu, ta koma ta jawo wani, ta koma ta jawo daro cike da ƙonannun gwangwanaye. Shara ta wata da watanni, an ɓoye ta bayan bayi. Ina tsaye riƙe da tsintsiya ina ƙirga mata da ido.

“Ashe birni ma ana kafa juji, Hajiya. Sai dai a cikin gida.”

Ta rufe fuska da mayafi. “Yaya, ki rufa mini asiri.”

“Na rufa. Ki aro mana tabarmi ran Asabar, naki sun fi nawa kyau.”

Ta kawo guda biyar, kuma a kansu surukai suka zauna aka raɗa wa jikana suna, a daidai inda tarin gwangwani yake. Uwar mijin ƴata har cewa ta yi lungunmu ya fi nasu tsabta, Hajiya ta amsa da cewa ai mu nan haka muke. Na bar ta ta ci wannan.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar Litinin ɗin, da amalanke ya tafi da sawu na uku, ban saki jiki ba. Alkawarin baki na sha shi sati uku, na san ɗanɗanonsa.

Washegari da safe, bayan na share turken awaki na ɗura a buhu na goma sha biyu, na zaro gawayi daga murhu na fita. A bangon zaure, daidai tsayin idon mai wucewa, na ja dogon layi daga sama zuwa ƙasa. A dama na rubuta LITININ, a hagu na rubuta ALHAMIS, harafi bayan harafi, yadda aka koya mini. Sannan na ja kara ɗaya a ƙarƙashin Litinin, na jiya, na bar wuri mai yawa a ƙasa.